Waiwaye: Tallafin iyalai a Brazil da harajin da ke bin talaka har kasuwa

Labarin ya faro a 1995. A shekarar ne gwamnan yankin Brasiliya, babban birnin Brazil, Cristovam Buarque, ya fara biyan iyalai matalauta kuɗi duk wata, da sharaɗin 'ya'yansu su riƙa zuwa makaranta. Aka kira shirin Bolsa Escola. A 2001 shugaba Fernando Henrique Cardoso ya mayar da shi na ƙasa baki ɗaya, sannan a watan Oktoban 2003 shugaba Lula da Silva ya haɗe shi da wasu ƙananan tallafi, aka samu Bolsa Família.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ana rubuta gida a rajistar matalauta ta ƙasa, a ba shi katin banki, kuma galibi da sunan uwa ake yin katin, don an lura kuɗin da ya shiga hannunta ya fi kaiwa ga tukunya da littafin yaro. Sharaɗi shi ne makaranta da allurar rigakafi. Cikin shekara goma shirin ya kai ga gidaje kusan miliyan 14, alhali abin da yake ci bai wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Tazarar mai kuɗi da talaka ta ragu sosai, ko da yake ƙarin mafi ƙarancin albashi ma ya taka babbar rawa, abin da masu yabon shirin kan manta.

Sai dai a waccan 1995 ɗin ne majalisa ta zartar da dokar da ta yafe wa masu hannun jari haraji a kan ribar da kamfanoni ke raba musu. Ita kuwa gwamnati, kaso mai tsoka na kuɗin shigarta daga harajin kayan masarufi yake zuwa. Matar da ta ciro tallafinta da safe, kafin yamma ta mayar da wani abu daga ciki a farashin shinkafa da wake da gas ɗin girki. A ganina nan gizo yake saƙar.

Shugaba Jair Bolsonaro ya sauya wa shirin suna a 2021, Lula ya dawo da tsohon sunan a 2023, da mafi ƙarancin reais 600 (kuɗin Brazil) a wata ga kowane gida. A Disambar shekarar majalisa ta amince da gyaran harajin kayayyaki wanda ya tanadi mayar wa matalauta wani kaso na abin da suka biya, kuma sai 2033 ake sa ran tsarin zai gama kankama.