Altadena

Altadena unguwa ce a gundumar Los Anjelos ta jihar Kalifoniya, ƙasar Amurka. Tana gindin tsaunukan San Gabriel, a arewa da birnin Pasadena, kimanin kilomita 23 daga tsakiyar birnin Los Anjelos. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 42,846 a cikinta. Ba ta da magajin gari. Hukumar gunduma ce ke tafiyar da ita, majalisar unguwa kuma shawara kawai take bayarwa. An haɗa sunan daga "alta", wato sama a harshen Sifaniyanci, da ƙarshen sunan Pasadena.

Kafuwa

Ƙasar asalinta ta 'yan ƙabilar Tongva ce. A wajajen 1880 wasu 'yan'uwa biyu daga jihar Iowa, John da Frederick Woodbury, suka shiga sayen filaye a wurin, a 1887 aka yanka su fuloti-fuloti. Kasuwar filaye ta faɗi ba da jimawa ba, sai wurin ya daɗe yana gonakin lemo da inabi, da 'yan gidajen attajiran da ke gudowa daga sanyin gabashin Amurka. Pasadena ta sha neman haɗiye unguwar, mazauna suna ƙi.

Yanayi

Ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris. Watannin zafi kuwa da ƙyar a ga ɗigo. Unguwar tana bisa tudu, kusan mita 400 sama da teku, titunanta kuma hawa suke yi har su dangana da dutse. Shi ya sa take samun ruwa fiye da tsakiyar Los Anjelos, domin gajimaren da ke tasowa daga teku a jikin tsaunin yake cin karo ya zubar. A Mayu da Yuni hazo kan rufe gari da safe ya washe kafin azahar. Daga Yuli zuwa Satumba zafi yana tsananta da rana, amma dare yana yin sanyi saboda iskar da ke gangarowa daga tsauni. Dusar ƙanƙara ba ta cika sauka cikin unguwa ba, sai dai a hango ta a kan duwatsu.

Abin da mazauna ke tsoro shi ne iskar Santa Ana. Daga hamadar da ke bayan tsaunuka take tasowa, galibi tsakanin Oktoba da Janairu, ta kutso ta kwazazzabai, tana ƙara zafi da bushewa yayin da take gangarowa. Takan karya itatuwa, ta tsinke wayoyin lantarki, ta mayar da ciyayin gangare makamashi. Bayan gobara kuma, ruwan farko yakan kwaso laka da duwatsu ya yi cikin gari da su.

Jirgin ƙasan Dutsen Lowe

Shaharar Altadena a matsayin wurin shaƙatawa ta samo asali daga Thaddeus Lowe, wanda ya shugabanci masu leƙen asiri da balan-balan a rundunar Arewa lokacin yaƙin basasar Amurka. Ranar 4 ga Yuli 1893 ya buɗe layin dogo mai hawa tsauni. Fasinja yakan hau tarago mai lantarki zuwa kwarin Rubio, daga nan ya shiga wani da igiyar ƙarfe ke ja a kan gangare mai tsananin tsayi har zuwa Dutsen Echo. A can aka gina otal mai ɗaki 70, da ɗakin kallon taurari, da wata babbar fitila da aka kawo daga baje kolin Chicago na 1893. Akwai kuma wani ƙaho na ƙarfe da baƙi ke yin ihu a ciki su saurari amsa-kuwwa daga ƙetaren kwari.

Bashi ya raba Lowe da layin cikin 'yan shekaru, a 1902 ya koma hannun kamfanin Pacific Electric. Sauran labarin na asara ne: otal ɗin ya ƙone a 1900, wata gobarar ta ci gine-ginen dutsen a 1905, ambaliya ta tafi da tashar Rubio a 1909, masaukin ƙarshen layi ya ƙone a 1936, ambaliyar Maris 1938 ta ƙarasa abin da ya rage. An ce kusan mutum miliyan uku suka hau jirgin. Harsashin otal da manyan ƙafafun injin suna nan. Hanyar ƙafa ta Sam Merrill, mai kimanin kilomita 4, ita ke kai mutum can daga ƙarshen titin Lake.

Sauran wuraren shaƙatawa

Kwarin Eaton yana da mafaɗar ruwa mai tsayin kusan mita 12. A titin Santa Rosa akwai jerin itatuwan deodar na zamanin Woodbury, waɗanda ake ƙawata su da fitilu kusan duk Kirsimeti tun 1920.

Zaman unguwa

Gidaje mafi yawa na iyali guda ne masu fili da itatuwa, tituna da dama ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, wasu mazauna ma suna kiwon dawaki. Beyar daji takan sauko ta kifar da kwandon shara. Mota kusan dole ce.

Daga shekarun 1960 baƙaƙen fata, waɗanda aka hana sayen gida a unguwanni da yawa, suka samu shiga yammacin Altadena. A 1980 sun kai kusan kashi 43 cikin ɗari, kafin tsadar gidaje ta rage su zuwa ƙasa da kashi 20. Marubuciya Octavia Butler da masanin kimiyya Richard Feynman suna kwance a maƙabartar Mountain View ta unguwar.

Gobarar Eaton

Da yammacin 7 ga Janairu 2025 wuta ta tashi a kwarin Eaton ana tsakiyar iskar Santa Ana. Ta cinye gine-gine sama da 9,000, ta kashe mutum 19, kusan dukkansu a yammacin titin Lake, inda sanarwar ficewa ta makara. An rufe hanyoyin tsauni da dama bayanta. An zargi layukan kamfanin lantarkin yankin, an kuma kai maganar kotu.