Waiwaye: Yadda bidiyo ya koyi rage kyansa don kada ya tsaya

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallo a waya cikin mota ya san abin. Hoto na tafiya tar, sai fuskokin 'yan wasa su dagule kamar an shafa musu taɓo, can anjima su washe. Kamfanin layi ake tsine wa. Alhali manhajar ce da kanta ta rage kyan hoton don kada wasan ya tsaya cak, kuma an ɗauki shekaru kafin a kai ga wannan dabara.

A 1995, da RealAudio, tsarin sauraron sauti kai tsaye ta intanet, ya fito a Amurka, ta layin tarho ake shiga intanet, mai sa'a ne ke samun kilobit 28.8 a daƙiƙa. Mai sauraro shi ke zaɓar fayil ɗin da layinsa zai iya ja. In ya yi zari ya ɗauki babba, sai zaman jira. A 1998 kamfanin RealNetworks ya fito da SureStream: fayil ɗaya mai matakan inganci da yawa, ana sauka ko hawa gwargwadon ƙarfin layi.

Babban sauyin ya zo ne da aka fara yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace ta daƙiƙa 2 zuwa 10, a ajiye ta kala-kala, daga mai dishi-dishi har mai kyau tas. Wuƙa da nama suka koma hannun na'urar mai kallo. Waya kan duba tsawon lokacin da gunduwar baya ta ɗauka kafin ta iso, da bidiyon da ta riga ta sauke ya rage mata a rumbu, da girman fuskarta, sannan ta nemi ta gaba daidai ƙarfinta. Microsoft ya gwada wannan a wasannin Olamfik na Beijin a 2008, Apple ya kawo nasa tsarin mai suna HLS a 2009, sai a 2012 aka samu ƙa'idar bai ɗaya, MPEG-DASH.

A Maris 2020, da korona ta kulle mutane a gida, kwamishinan Tarayyar Turai Thierry Breton ya roƙi Netflix ya sassauta wa layuka. Kamfanin ya rage nauyin bidiyonsa a Turai na kwana 30.

Mu kuwa a Kano da Maraɗi, tun kafin nan da hannunmu muke shiga saitin YouTube mu danna 144p, matakin hoto mafi dishi-dishi. Manhajar ƙarfin layi take aunawa, ba ruwanta da megabait nawa ya rage wa mutum kafin ƙarshen wata.