Ma'anar Spack: manhajar da ke gina manhajoji a kan manyan kwamfutoci

Spack manhaja ce mai kula da girka wasu manhajoji. Takan ɗauko tushen rubutun manhajar da ake so, ta gano duk abubuwan da manhajar ta dogara da su, ta harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ajiye kowanne a mazauninsa. Kyauta ce, da harshen Python aka rubuta ta, kuma tushenta a buɗe yake a GitHub ƙarƙashin lasisin MIT da Apache 2.0. Todd Gamblin ne ya fara ta a 2013 a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke Kalifoniya a Amurka, aka gabatar da ita a taron masana manyan kwamfutoci na SC15 a birnin Austin a 2015. A yau tana da tsarin gina manhajoji sama da 8,000, kowanne a cikin ɗan fayil mai suna `package.py`.

Wanda ya saba da Linux zai ce ai akwai apt da dnf, me ya kawo wata sabuwa? Su waɗannan sukan ajiye sigar laburare (tarin rubutun manhaja da wasu shirye-shirye ke aro) guda ɗaya a wuri guda, kuma sai mai izinin shugaban na'ura ne ke girkawa. Babbar kwamfuta kuwa ɗaruruwan masu bincike ne ke rabon ta, ba mai wannan izini a cikinsu, kuma buƙatunsu ba sa haɗuwa. A ɗauki HDF5, laburaren adana bayanan kimiyya. Idan ana buƙatar sigoginsa uku, da kompaila (mai mayar da tushen rubutu shirin da na'ura ke gudanarwa) iri uku, da MPI (tsarin aika saƙo tsakanin kwamfutocin da ke aiki tare) iri uku, kowanne da tallafin Fortran ko babu, an tashi da gini 54 na laburare ɗaya tak. Da hannu ake yin wannan a da, kuma da zarar wanda ya yi ya bar aiki, sai a rasa yadda aka yi.

Dabarar Spack ita ce ba ta ɗaukar sunan manhaja a matsayin shaidarta. Shaidar gini ita ce duk abin da ya shiga cikinsa: siga, kompaila, zaɓuɓɓuka, nau'in firosesa, da shaidar kowane laburare da ke ƙarƙashinsa. Daga waɗannan take lissafo hash, wato lambar shaida mai haruffa 32, ta liƙa shi a sunan babban fayil ɗin da ginin zai zauna. Ko zaɓi ɗaya aka sauya a can ƙasa, hash ɗin duk abin da ke samansa ya sauya. Shi ya sa gini 54 ɗin nan za su zauna gefe da gefe ba mai taka wani.

Kalmar da ta fi yawo a bakin masu amfani da ita ita ce "spec", wato bayanin ginin da ake so. Ga misali:

`spack install hdf5@1.14 +mpi ~fortran %gcc@12 ^openmpi@4.1`

Alamar @ siga take nufi. Alamar + tana kunna zaɓi, ~ kuma tana kashe shi. Alamar % ta zaɓi kompaila, ^ kuma ta ɗaure wani abin dogaro da ke ƙasa. Ma'anar layin kenan: a gina HDF5 na jerin 1.14 mai aiki da MPI, ba Fortran, da GCC 12, a kan Open MPI 4.1. A kula da jeri. Daga siga ta 1.0 da ta fito a 2025, kompaila ya zama abin dogaro kamar sauran, saboda haka zaɓin da aka rubuta bayan `%gcc` kan GCC zai faɗa. Zaɓuɓɓukan manhajar su zo kafin alamar %.

Abin da mutum ya rubuta ɗin nan bai cika ba, domin bai ambaci zlib ko CMake ko sauran gomman abubuwa ba. Cike waɗannan guraben shi ake kira "concretize", wato a mayar da buƙata ta zama tabbataccen tsari da ba sauran zaɓi a cikinsa. Nan ne wahalar take. Tsohon tsarin Spack yakan yanke hukunci a kan ƙunshi ɗaya, wato manhaja ɗaya, ya wuce, in ya ci karo da saɓani a gaba ba ya iya komawa baya, sai ya ce abu ba zai yiwu ba alhali zai yiwu. Daga siga ta 0.17 a 2021 aka koma amfani da clingo, manhajar warware sharuɗɗa, wadda ke duba dukkan ƙa'idojin a lokaci guda. Akwai kuma sunaye irin su `mpi` da `blas` waɗanda ba manhajoji ba ne, matsayi ne kawai da MPICH ko Open MPI ko OpenBLAS ke cikewa.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: lokacin gini Spack takan sa nata mayafi a kan kompaila, wanda ke rubuta RPATH a cikin kowane fayil da aka harhaɗa. Wato shirin yana ɗauke da cikakken adireshin laburarensa a jikinsa. Ba sai an dogara da `LD_LIBRARY_PATH` ba, wanda shi ne ke jawo shiri ya ɗauki laburaren da ba nasa ba ya faɗi ba dalili.

Farawa ba wuya. A kwafo ta da `git clone`, a loda `share/spack/setup-env.sh`, a gudanar da `spack compiler find` domin ta san kompailolin da ke na'urar. Kafin kowane girki a duba `spack spec` a karanta bishiyar da ta tsara. Daƙiƙun da wannan zai ci sun fi sauƙi a kan awa uku na gina abin da ba a so. Don aikin da za a maimaita, a buɗe muhalli: `spack.yaml` na riƙe abin da aka nema, `spack.lock` na riƙe ainihin abin da aka warware. Na biyun ne ke sa a sake gini iri ɗaya bayan shekara, don haka a adana su tare.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne barin Spack ta gina MPI nata. Manyan na'urori suna da MPI da aka daidaita da hanyar sadarwarsu, misali Cray MPICH a kan hanyar Slingshot, ko wanda aka haɗa da hanyar InfiniBand da Slurm mai rabon ayyuka. Wanda Spack ta gina ba tare da waɗannan ba zai iya komawa kan TCP, hanyar sadarwa ta gama-gari. Shirin zai yi aiki, sakamako zai fito daidai, amma da tafiyar hawainiya, kuma ba saƙon kuskure da zai tona asiri. Maganinsa a rubuta MPI na na'urar a `packages.yaml` a matsayin na waje, a sa `buildable: false`. Umarnin `spack external find` na taimakawa, sai dai a bi abin da ya rubuta da ido.

Na biyu shi ne firosesa. Spack kan gina don nau'in firosesar da take kai a lokacin. Idan kwamfutar shiga, inda ake ginin, ta fi na lissafi sabunta, shirin zai mutu da saƙon "Illegal instruction", domin an sa masa umarni irin AVX-512 da tsohuwar ba ta sani ba. A fayyace `target=` da ya dace da inda shirin zai gudana, ko a sauko zuwa `x86_64_v3` idan na'urorin gauraye ne.

Sauran ƙanana ne. Wurin gini na wucin gadi yakan kasance a `/tmp`, kuma LLVM kaɗai na iya cika shi, sai a sauya `build_stage`. Na'urar da ba ta da intanet tana buƙatar madubi, wato kwafin tushen manhajojin, wanda ake haɗawa da `spack mirror create` a wata kwamfutar a kwaso. In gini ya faɗi, a buɗe `spack-build-out.txt` a nemi kuskuren farko, domin layukan ƙarshe galibi sakamakonsa ne kawai.

Ginin komai daga tushe na cin lokaci, shi ya sa ake da rumbun ginannun ƙunshi da `spack buildcache push` ke cikawa. Da yake adireshin laburare na cikin fayil, dole a sake rubuta shi idan ƙunshin ya koma wani wuri, kuma sabon adireshi ba zai shiga ba in ya fi tsohon tsawo. Saboda haka mai gina rumbu ya sa `padded_length: 128` tun kafin ginin farko, domin in an riga an gina sai dai a sake daga tushe.