Waiwaye: Inda Muhawarar Suturar Sistocin Katolika Ta Samo Asali

Duk lokacin da aka ga hoton wata sista, wato macen da ta keɓe rayuwarta ga bautar Allah a Cocin Katolika, sanye da doguwar riga da lulluɓi a gefen wata sistar mai sanye da tufafi irin na kowa, sai muhawara ta sake tashi a tsakanin mabiya Katolika. Wasu na cewa ajiye tsohuwar sutura ne ya sa gidajen zuhudu suka zama kango, suna kafa hujja da Amurka, inda sistoci suka kai kusan 180,000 a 1965 amma yau ba su kai 40,000 ba. Wasu kuma na cewa alkawarin talauci da tsarki da biyayya a zuciya yake, kuma aikin da sista take yi wa marasa lafiya da ɗalibai shi ne shaidarta. Ɓangarorin biyu sun fi ɗora farkon lamarin a kan Babban Taron Vatikan na Biyu, taron shugabannin Cocin Katolika na duniya da aka yi daga 1962 zuwa 1965. A ganina, wanda ya fara lissafi daga nan ya tsallake mafi yawan labarin.

Farkon tarihin sananne ne. A ƙarni na shida Waliyyi Benedict ya tsara wa masu zuhudu yini tsakanin addu'a da aiki da karatu, ya kuma ce a sa tufafin da ake samu da arha a yankin da ake zaune. A 1298 aka wajabta wa mata masu zuhudu cikakken kulle, taron shugabannin Coci na Trent ya jaddada hakan a 1563. Matan da suke son fita su yi wa jama'a hidima sai suka nemi wata hanya. Angela Merici ta tara 'yan mata a Brescia a 1535 ba tare da wata riga ta musamman ba, kowace tana zaune a gidan iyayenta. A 1633 Vincent de Paul da Louise de Marillac suka kafa ƙungiyar Daughters of Charity a birnin Paris, suka sa musu tufafin 'yan matan karkara, suka sa alkawarinsu ya zama na shekara-shekara, domin kada doka ta ɗauke su a matsayin masu kulle.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne shekarar 1900. Kafin lokacin, dubban matan da suke koyarwa da jinya a cikin ƙungiyoyin da suka yawaita a ƙarni na 19 ba su da cikakken matsayin masu zuhudu a dokar Coci, ko da yake jama'a na kiransu sistoci. A wannan shekara Fafaroma Leo na 13 ya fitar da takardar Conditae a Christo, wadda ta amince da su, aka biyo ta da ƙa'idojin 1901, sannan kundin dokokin Coci na 1917 ya tabbatar da matsayin. Wannan babbar nasara ce da suka daɗe suna nema, kuma ta ba su mutunci da kariya. Sai dai ma'aunin zuhudu guda ɗaya da aka sani a lokacin shi ne na gidan kulle, saboda haka da shi aka auna matan da aikinsu yake a aji da ɗakin majinyata. Kundin 1917 ya ce a sa rigar ƙungiya a cikin gida da waje, kuma kada sista ta fita ita kaɗai sai da lalura. Da zarar an amince da tsarin mulkin wata ƙungiya a Roma, sauya shi na buƙatar izini daga can, don haka yankan riga da faɗin lulluɓi, waɗanda a da al'adar gari ce kawai, suka zama rubutacciyar doka.

Ya kamata a dubi abin da wannan ya haifar a yinin sista mai koyarwa. Ƙararrawa za ta tashe ta wajen ƙarfe biyar na asuba, ta yi addu'ar safe da tunani da Mas, wato babbar ibadar Katolika, kafin ta karya kumallo a cikin shiru, sannan ta wuni tsaye a gaban aji cikin rigar ulu mai nauyi, da farin ƙyalle mai sitaci da ya matse mata goshi da kunnuwa. Da yamma akwai Zabura da carbi da karatun ruhaniya, daga nan kuma babban shiru har wayewar gari, a tsakanin waɗannan ne za ta nemi lokacin duba littattafan ɗalibai da gugar lulluɓin gobe. Wadda take jinya tana fama da dogayen hannuwan riga a wurin da ake buƙatar tsafta, wadda take tuƙi kuwa lulluɓin yana tare mata ganin gefe. Da yawa daga cikinsu sun ƙaunaci wannan rayuwa da zuciya ɗaya, kuma bai kamata a raina hakan ba, amma rayuwa biyu ce aka ɗora a kan mutum ɗaya, ta mai kulle da ta ma'aikaciya, kuma nauyin ya riƙa ƙaruwa yayin da makarantu da asibitoci suka fara neman takardun ƙwarewa.

Shi ya sa kiran gyara ya riga Babban Taron. A 1936 aka ba sistoci damar koyon likitanci da ungozomanci. A 1951 da 1952 Fafaroma Pius na 12 ya nemi shugabannin ƙungiyoyi su sauƙaƙa sutura ta dace da lafiya da aiki, a 1954 kuma aka fara wani shiri a Amurka na ilmantar da sistoci kafin a tura su aji. Lokacin da takardar Babban Taron mai suna Perfectae Caritatis ta fito a Oktoba 1965, tana cewa riga ta zama mai sauƙi da kamun kai, ta dace da lafiya da zamani da wuri, ta amsa tambayar da aka shafe shekaru ana yi ne. Wasu ƙungiyoyi sun rage tsawon riga, wasu sun ajiye ta gaba ɗaya, wasu sun riƙe ta, kuma kundin 1983 ya ci gaba da kiranta alamar keɓe kai da shaidar talauci.

Ƙungiyoyin da suka tsira daga wannan matsin su ne waɗanda suka ɗauki tufafin talakawan wurinsu tun farko, kamar farin sari mai shuɗin baki da Uwa Teresa ta fara sawa a Kolkata a 1948. Haka Daughters of Charity ma suka fara. Amma farar hularsu mai fukafukai, wadda mutane da yawa ke ɗauka ita ce ainihin alamar tsohon zuhudu, ta samo asali ne daga abin rufe kai na matan karkarar Faransa, ta yi ta girma da sitaci a tsawon ƙarnoni, har suka ajiye ta a watan Satumba na 1964, shekara guda kafin Babban Taron ya fitar da hukuncinsa a kan sutura.