Ba Kowace Shawara Ce "Gyara Kayanka" Ba

Masu hawan keke da yawa sun daɗe da ɗauka cewa duk gyaran da suka yi wa ɗan'uwansu a hanya alheri ne, suna kafa hujja da cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Karin maganar gaskiya ce, amma a kan abin da ke da haɗari take magana. Idan ka ga birki ya saki, ko kaya sun karkace a bayan keke, ko bakin riga yana neman shiga sarƙa, to wajibi ne ka yi sallama ka faɗa nan take.

Tsayin sirdi kuwa wani abu ne daban. Haƙiƙa sirdin da ya yi ƙasa sosai yana gajiyar da gwiwa, domin ƙafa ba ta samun miƙewa idan feda ta sauka, sai dai wataƙila dattijon da kake shirin yi wa gyara ya sauke shi ne da gangan, saboda ƙafarsa ta riƙa taɓa ƙasa idan ya ɗauko buhun hatsi, ko kuma shi da 'ya'yansa ne suke hawan keken. A irin wannan, ladabi shi ne ka bari sai ya tambaye ka.