Kimiyyar Iyali da Tattalin Gida

Kimiyyar iyali da tattalin gida fanni ne na karatun jami'a da ke nazarin rayuwar cikin gida ta yau da kullum: abinci da yadda yake gina jiki, tufafi da yadinsu, renon yara, kula da tsofaffi, tsarin muhalli, da yadda iyali ke kashe abin da suka samu. A Amurka fannin ya fara samun gindin zama a jami'o'i, kuma tun daga farko ya fi kusa da ɗakin gwaje-gwaje fiye da yadda mutane da yawa suke zato.

Dokar Morrill ta 1862 ta bai wa jihohin Amurka filayen gwamnati domin su kafa kwalejojin noma da sana'o'i da kuɗin da suka samu daga gare su. Da waɗannan kwalejoji suka soma karɓar mata, sai na Iowa da Kansas suka buɗe darussan tattalin gida a farkon shekarun 1870. Amma wadda ta haɗa kan fannin ita ce Ellen Swallow Richards (1842–1911), masaniyar kimiyyar sinadarai, kuma mace ta farko da cibiyar fasaha ta MIT ta ɗauka karatu. Daga 1887 ta auna dubban samfuran ruwan sha na jihar Massachusetts, a babban baje kolin Chicago na 1893 kuwa ta buɗe ɗakin girki inda mai cin abinci yake ganin an rubuta masa yawan sinadaran gina jiki da ke cikin abin da aka zuba masa. Ita ta jagoranci tarukan da aka fara a 1899 a garin Lake Placid na jihar New York, waɗanda suka haifar da ƙungiyar masana tattalin gida ta Amurka a 1909. Dokar Smith-Lever ta 1914 ta fitar da ilimin zuwa karkara, inda malamai mata ke bi gari-gari suna koya wa matan manoma adana kayan lambu a kwalabe, ta Smith-Hughes ta 1917 kuma ta ware kuɗin koyar da shi a makarantun sakandare.

Ɗalibin wannan fanni yana karanta kimiyyar sinadarai da ta jikin ɗan Adam, da nazarin halayya, da tattalin arziki, sannan ya ƙware a reshe ɗaya. A darasin yadi, alal misali, akan zare zare guda a kai shi bakin wuta: auduga takan yi warin ƙonanniyar takarda ta bar toka mai laushi, ulu yakan yi ƙaurin gashi, nailan kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. A reshen renon yara, jami'o'i da dama suna da makarantar ƙanana a cikin harabarsu, inda ɗalibai ke zama bayan gilashi suna rubuta yadda yaro yake wasa da magana ba tare da ya gan su ba. Akwai kuma abin da fannin ya daina, kuma daidai ne da ya daina: Jami'ar Cornell da wasu sun daɗe suna karɓo jarirai daga gidajen marayu, ɗalibai na karɓa-karɓa wajen renonsu a gidajen koyon aiki. Waɗanda suka kammala karatun suna zama masana abinci a asibitoci, malamai, masu binciken ingancin kaya a masana'antu, da masu ba iyalai shawara kan bashi da ajiya.

Sunan fannin ya sha sauyi, galibi saboda kallon da ake yi masa na girki da ɗinki kawai, kallon da ya tauye haƙƙin aikin da ya taimaka wajen tsabtace ruwa da inganta abincin yara. Cornell ta sauya sunan kwalejinta ta tattalin gida zuwa ta nazarin ɗan Adam da muhallinsa a 1969, ƙungiyar 1909 ɗin nan kuma ta koma ta kimiyyar iyali da masu saye a 1994. A Najeriya, Jami'ar Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan bisa tsarin waɗancan kwalejoji na noma, tana cikin na farko da suka koyar da fannin har matakin digiri.