Aji ɗaya, malami ɗaya, sakamako daban: tambayoyi kan makaranta da al'umma a Sudan

Masu karatun tarbiyya a jami'o'in Sudan suna haɗuwa da darasin da ake kira ilmul ijtima'it tarbawi, wato nazarin yadda makaranta da al'umma ke shafar juna. Ga amsoshin wasu tambayoyi da ke tasowa a kansa tsakanin malamai da 'yan majalisar iyaye a garuruwan Hausawa, daga Mai Wurno ta jihar Sinnar har Gadarif da Kasala.

Tambaya: Me ya raba wannan fanni da ilimin dabarun koyarwa?

Amsa: Mai dabarun koyarwa yana neman hanyar da ɗan aji uku zai gane rabawa. Wannan fanni kuwa yana tambayar wa ke zaune a ajin, wa aka bari a gida, wa zai kai aji shida, kuma me ya sa kullum 'ya'yan gidaje iri ɗaya ne ke zubewa. Ana jingina kafuwarsa ga Bafaranshe Emile Durkheim, wanda ya fara koyarwa a Bordo a 1887. A wurinsa tarbiyya ita ce aikin da manya ke yi a kan yara don su dace da zaman al'ummarsu. Tun kafin shi, a 1377, Ibn Khaldun ya kwatanta a Mukaddimarsa yadda mutanen Magrib da Andalus da Gabas ke karantar da yara Alƙur'ani, ya nuna cewa kowane tsari yana fitar da ɗalibi irin nasa.

Tambaya: To, wane aiki makaranta ke yi wa al'umma?

Amsa: Akwai aikin da ta faɗa da bakinta: karatu, rubutu, lissafi, shahada. Akwai kuma wanda ba a rubuta shi a ƙofa. Tana haɗa 'ya'yan kabilu daban a kan harshe ɗaya, tana jinkirta aure, tana tace wanda zai hau kujerar ofis da wanda zai riƙe lauje. Kwalejin Gordon da aka buɗe a Khartum a 1902, wadda daga baya ta zama Jami'ar Khartum a 1956, an kafa ta ne da farko don samar wa gwamnatin mulkin mallaka ƙananan ma'aikata.

Masana sun rabu a nan. Wasu na ganin makaranta tsani ce, mai ƙoƙari ya hau. Wasu na ganin rariya ce da aka saƙa daidai da 'ya'yan masu hali. A ganinmu duka biyun suna faruwa a harabar makaranta guda, kuma aikin mai nazari shi ne ya ƙirga: cikin yara ɗari da suka shiga aji ɗaya, nawa tsanin ya ɗauka, kuma daga waɗanne gidaje.

Tambaya: Ana yawan ambaton "jarin al'ada". Mene ne shi, kuma ina ruwan ɗan Bahaushe da shi?

Amsa: Kalmar Pierre Bourdieu ce, shi ma Bafaranshe, wanda ya yi aiki a kanta tare da Jean-Claude Passeron a shekarun 1960 da 1970. Ma'anarta abin da yaro ke shigowa da shi daga gida ba tare da an kira shi darasi ba: harshe, yadda ake magana da manya, sabo da takarda, sanin abin da jarrabawa ke nema. Makaranta tana ba wannan maki, sannan ta kira shi basira.

A duba yaron da ya shekara biyu a halwa, wato makarantar allo, kafin a sa shi aji ɗaya. Ya san baƙi da wasali, yana wanke allonsa da asuba ya rubuta sabon karatu da alƙalamin kara, ya haddace gajerun surori, ya iya zama wuri ɗaya fiye da sa'o'insa. Wannan jari ne babba. Amma ranar farko ustaz, wato malamin aji, ya ce a fito da kurras, littafin rubutu ke nan, yaron ya tsaya kallon na kusa da shi, don a gidansu Hausa ake yi. Larabci biyu ke jiransa: darija, Larabcin yau da kullum, a bakin malami, da fusha, daidaitaccen Larabci, a cikin littafi. Ɗan malamin asibiti da ke gefensa ya taso da ta farko, yana jin ta biyu a rediyo da talabijin. Bayan wata uku an rubuta wa ɗaya "mai ƙoƙari", ɗayan "mai rauni", alhali abin da aka auna harshe ne.

Ana iya raba matsalar harshe da ta lissafi da ɗan gajeren gwaji. A ɗauki tambayoyin lissafi biyar na labari, irin na saye da sayarwa. A karanta wa yaro da Larabci, a rubuta abin da ya ci. Washegari a ba shi makamantansu da baki, da Hausa, a canza lambobin kawai. In ya ci ɗaya a na farko ya ci huɗu a na biyu, ba lissafi ne matsalarsa ba, kuma maimaita aji ba zai warkar da shi ba. Abin da yake buƙata shi ne kalmomin umarni na aji, kamar tara, cire, ja layi, kwatanta, cike gurbi, a koya masa su ɗaya bayan ɗaya da ma'anarsu ta Hausa. Tun 1953 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen gidansu. Ko inda manhaja ba ta ba da wannan dama ba, malamin da ke jin Hausa yana iya fassara umarni a watannin farko, kuma wanda ba ya ji yana iya zaunar da yaron kusa da mai jin harsunan biyu.

Tambaya: Mece ce ɓoyayyiyar manhaja?

Amsa: Ba'amurke Philip Jackson ne ya yaɗa kalmar a 1968. Ita ce duk abin da yaro ke koya daga yadda ake tafiyar da makaranta, ba daga littafi ba. Tabur, wato jerin gwanon ɗalibai na safe, yana koyar da layi da lokaci. Alfa, wato ɗalibin da ke shugabantar aji yana rubuta sunayen masu surutu, yana koya wa aji yadda iko ke aiki. Lokacin fatur, wato karin kumallo, yana nuna wa kowa wanda ya zo da kuɗin ful (dafaffen wake) da wanda zai zauna gindin bishiya har a kaɗa ƙararrawa. Wanda aka yi wa dariya saboda karin harshensa ya koyi cewa shiru ya fi lafiya, kuma wannan darasin yana bin sa har jami'a.

Bulala ma manhaja ce. Ibn Khaldun ya yi gargaɗi cewa tsanani ga ɗalibi yana kashe masa kuzari, ya koya masa ƙarya da yaudara don gudun duka. Alamarta a aji ba ta ɓuya: aikin gida duka daidai saboda an kwafa, amma ba mai ɗaga hannu ya ce bai gane ba.

Tambaya: Da gaske zaton malami yana canza sakamakon yaro?

Amsa: Yana canzawa, amma kada a zuzuta. A binciken Robert Rosenthal da Lenore Jacobson da aka buga a 1968, an gaya wa malaman wata firamare a Kaliforniya cewa wasu yara za su yi fice a shekarar, alhali ƙuri'a ce ta zaɓo su. Yaran sun ɗara sauran, musamman a aji ɗaya da biyu. Binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara zato ba, sai dai yana nan. Hanyarsa ƙananan abubuwa ne: wa ake kira, daƙiƙa nawa ake jira ya amsa, wa ake yi wa gyara da bayani, wa ake ce wa "zauna" kawai. Malami na iya auna kansa. Ya ajiye jerin sunaye a tebur na mako guda, ya sa ɗigo gaban duk wanda ya tambaya. A aji mai yara saba'in zai ga sunayen da ba su sami ko ɗigo ɗaya ba, sai ya duba daga wace unguwa suke.

Tambaya: Wanne ya fi nauyi, gida ko makaranta?

Amsa: Rahoton James Coleman na 1966, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000 a Amurka, ya nuna halin gida da irin abokan aji sun fi kayan makaranta bayyana bambancin sakamako. Mutane da yawa sun tsaya nan suka ce makaranta ba ta da abin yi. Amma a 1983 Stephen Heyneman da William Loxley sun kwatanta ƙasashe 29, suka ga a ƙasashe matalauta ingancin makaranta da malami yana da nauyi fiye da yadda yake a ƙasashe masu arziki. Dalilin a fili yake. A kambo, wato sansanin leburorin gona na yankin Jazira, inda ba littafi a gida kuma makaranta na iya zama a wani ƙauye, littafi ɗaya da malami mai zuwa kullum su ne kusan duk abin da yaro zai samu. Shi ya sa muke ƙin jin an ce "iyayensu ne ba su damu ba" kafin a ƙirga littattafan da ke ajin.

Tambaya: A ina ne yara suka fi zubewa?

Amsa: A mahaɗar matakai da lokacin kaka. Tsanin karatu a Sudan ya canza sau da dama: 4-4-4 har zuwa 1970, sai 6-3-3, sai shekara takwas na asas (matakin tushe) da uku na sakandare a farkon shekarun 1990, sannan aka fara komawa 6-3-3 daga 2020. Kowace mahaɗa ƙofa ce. In makarantar mutawassiɗa, wato ta tsakiya, tana wani gari, kuɗin mota da tsoron hanya sukan fara cire 'yan mata. Wannan tsohuwar gwagwarmaya ce: Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907 da yara 17.

A yankin Gadarif yankan riɗi ba ya jira, don in ya bushe a tsaye ƙwayar zubewa take, saboda haka gida yana buƙatar kowane hannu a kusan watan Oktoba. Yaron da ya rasa mako uku a lokacin da ake koyar da ɓangare-ɓangare na lissafi ya dawo ya tarar an gina darasi uku a kansa. Ya faɗi, ya maimaita, ya girme wa aji, ya ji kunya, ya bari. Majalisar iyaye tana iya kama wannan da rajistar halarta kaɗai: a ƙirga rashin zuwa wata-wata, maza daban mata daban, a ga watan da ya yi tsalle, sannan a shirya darasin cike gurbi na mako biyu da zarar an gama yankan. Takardu ma ƙofa ce. Takardar haihuwa da rakam waɗani (lambar ɗan ƙasa) a nemo su tun yaro yana ƙananan azuzuwa, kada a bari sai rajistar jarrabawa ta zo.

Tambaya: Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 fa, me fannin ke cewa a kansa?

Amsa: A Oktoba 2023 hukumar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan, kuma makarantu da yawa sun zama mafakar 'yan gudun hijira. Rufe makaranta bai cutar da kowa daidai ba. Mai hali ya kai 'ya'yansa Masar ko Saudiyya, ko ya ɗauki malamin gida. Ɗan manomi ya shiga gona ko kasuwa, ƙanwarsa wataƙila an yi mata aure. Gibin da ke akwai tun da sai ya ƙara faɗi.

Kuskuren da ake yi in an buɗe makaranta shi ne a zaunar da yaro bisa shekarunsa a ci gaba daga shafin da aka tsaya. A makon farko a gwada kowane yaro shi kaɗai: harafi, kalma, gajeren sakin layi, sannan tarawa da cirewa. A raba su rukuni uku ko huɗu bisa abin da suka iya, a ware awa ɗaya kullum don wannan, a sake gwadawa bayan mako shida a matsar da wanda ya tashi. A tambayi kuma wa ya ci gaba da zuwa halwa lokacin rufewar, domin wanda bai ajiye allo ba yawanci idonsa bai manta harafi ba, kuma zai iya taimaka wa rukunin farko. Sunayen da ke tsohuwar rajista amma ba su dawo ba, a rubuta su a takarda guda, a raba wa 'yan majalisar iyaye unguwa-unguwa su bi gida-gida kafin wata ya ƙare.